Ƙyallen Da Aka Ƙulle Wanki Da Shi

Gum-rye ce ta fara gani. 'Yar kwarinmu ce, maƙwabciyata tun ina amarya, kuma duk inda aka ce ana raba abu kyauta to tana layin gaba. Ta ji an ce za a ba tsofaffi tawul a gidan tunawa da yaƙi na gundumarmu, ta hau bas ta tafi. Da ta dawo ta same ni a tsakar gida ina barbaɗa wa kabeji gishiri.

"Uwar Jong-gu, an sake gina gidanku," in ji ta.

"Wane gida?"

"Na Sutgol mana. Ɗan ƙarami kamar akwatin ashana. Har da jinka, har da tulunan miya a bayan ɗaki. Sun yi kwarin gaba ɗaya a kan wani ƙaton tebur, ƙartin maza suna ta tura 'yan motoci a kai."

Na ci gaba da barbaɗa gishirina.

"Akwai rubutu a jikinsa," ta ce, ta rage murya.

"To karanta mini, tunda ke kika yi aji biyu kin fi kowa."

"An rubuta gidan masu haɗa baki da abokan gaba."

Ban ji komai ba. Mutane sun ɗauka irin wannan magana tana soka kamar allura, ai sai a farko. Na gama kabejin, na danne shi da dutse, na wanke hannu. Na tambaye ta yaushe suke wasan, ta ce Asabar.

Bari in faɗi abin da ya faru a Sutgol, don na gaji da jin wasu suna faɗa.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a bazara ta biyu ta yaƙi, sojojinmu suka shigo kwarin. Wata jif ta tsaya a tsakar gidanmu don katangarmu ta dutse ce. A bayanta akwai rediyon oba-oba mai girman akwatin amarya, da doguwar eriya da ke lilo in iska ta kaɗa. Sojoji uku ne da ita. Mai kula da rediyon saurayi ne sunansa Bang Gil-man, kullum abin sauraro yana maƙale a kunnensa, yana ihu yana maimaita magana ɗaya. Uwata tana ba su shinkafa da sha'ir, mu muna cin ƙanzo.

Suna da wani ƙyalle, faɗinsa ya kai tabarmar yaro, launinsa tsakanin ja da ruwan lemo, yana ɗaukar ido. Kullum da safe sukan shimfiɗa shi a kan murfin injin motar su danne da duwatsu. Ba wanda ya gaya mana amfaninsa. Daga baya ne, a ofishin 'yan sanda, aka gaya wa uwata da mari: da shi jirgi yake gane cewa motar tamu ce.

Ranar da abin ya faru gari ya waye da hazo, ba a ko ganin bishiyar bakin ƙofa. Gil-man ya ce yau jirgi ba zai tashi ba. Ya tattaro rigunansu da safunansu, duk ƙwarƙwata, ya waiga ya rasa abin ƙullewa. Mu kuwa ba ma miƙa wa mutum kaya tsirara. Ko ƙwai uku ne sai an sa a ƙyalle an ƙulla kusurwa huɗu, balle kayan datti da za a ba matar da ta isa ta haife ka. Sai ya zare ƙyallen daga kan motar, ya zuba kayan a ciki, ya ɗaure tsaf, ya miƙa wa uwata da hannu biyu. A gabana aka yi. Ni na ɗauki sandar bugun wanki da kaskon ruwan toka na bi ta rafi.

Kafin mu gama hazo ya yaye. Jirgin bai ma yi kewaye ba, ya saki bam a kan gidanmu.

Ubana yana gyaran garma a gindin katanga. Ƙanwata Mal-nyo tana barci a ɗaki. Su biyu da sojoji biyu suka mutu. Gil-man ya tsira don ya zagaya bayan gida, kunnensa ɗaya kawai ya mutu. Da manyansa suka tambaye shi ina ƙyallen, ya ce matar gidan ce ta cire. Aka je rafi aka same shi a shanye a kan dutse. Shi ke nan. Wai matar da jirgi ya kashe wa miji da 'ya ita ce ta kira jirgin. Suka riƙe ta har ƙarshen damina. Ta dawo da hannun dama a murɗe, ba ta ƙara iya riƙe tsinken cin abinci ba, ba ta kuma ƙara yin zancen ba har ta mutu.

Ai da a nan ya tsaya da sauƙi. Ɗana Jong-gu ya ci jarrabawar aikin malanta, aka duba dangin uwarsa, aka ce ya je za a neme shi. Direban motar kaya ya zama, yanzu bayansa ya lalace. Na je ofisoshi har na san inda kowanne yake ajiye tsintsiya. Ko'ina abu ɗaya: kawo shaida. Shaidar kuma tana garin nan, Gil-man ne, a gida mai bene, ana gayyatarsa kowane watan Yuni ya yi jawabi. Na je ƙofarsa sau biyu. Karon farko matarsa ta ce ba ya nan, ina kallon takalmansa. Karo na biyu aka saki kare.

Ranar Asabar na sa rigata ta zuwa biki, Gum-rye ta raka ni.

"Kar ki zagi kowa," ta ce a cikin bas.

"Yaushe na taɓa zagin wani?"

"Jiya. Mai kifi."

"Wannan ai gaskiya na gaya masa."

Ɗakin yana da faɗi da sanyi. Teburin yana tsakiya, ya kai girman ɗakin kwanana. Sun yi duwatsun da wani abu kamar soso sun shafa musu fenti. Ga rafin, ga gadar katako, ga gonar su Gum-rye ta dā. An zana wa kwarin duka gida-gida kamar saƙar zuma. Maza shida ne a kewaye, ba yara ba, wasu har da tumbi da furfura, kowa da ma'auni a hannu da 'yan ƙwayoyi masu ɗigo irin na lido. 'Yan kallo sun kai cikin bas.

Na ga gidanmu. Sun sa ƙofar ta kalli gabas, alhali kudu take kallo. Jif ɗin tana tsakar gida, da eriyarta ta siririyar waya. An soka ɗan tsinke a jinkar da farar takarda a jiki.

A can ɗaya ƙarshen teburin kuma, a keken guragu, da bargo a gwiwa da lambobi a ƙirji, ga Bang Gil-man. Ya motse kamar busasshen kifi. 'Yarsa tana tsaye a bayansa riƙe da jaka.

Wani mai tabarau ne yake bayani. Gum-rye ta raɗa mini wai likitan haƙori ne, sunansa Ha Sang-pil, shi ne shugaban ƙungiyar masu wasan.

"Ku lura," yake cewa, "rediyon motar nan ba ya magana da jirgi. Ba layinsu ɗaya ba. Sai ya kira hedikwata a bayan dutse, hedikwata ta ba tafinta don masu jiragen ba yarenmu suke ji ba, tafinta ya gaya wa mai rediyon jirage, shi kuma ya gaya wa matuƙi. Saboda haka a wasanmu kowane baki sai an jefa masa ƙwaya. In ɗaya ta faɗi, saƙo ya mutu a hanya, sai matuƙi ya yi aiki da idonsa. Abin da zai duba kuwa shi ne ƙyalle."

Ya nuna murfin 'yar motar. Babu komai a kai.

"A nan mutanen gidan sun riga sun cire shi. Wannan kati ne na ɓangaren Arewa, wato abokan gaba, muna ce masa katin cin amana. Wa ke riƙe da Arewa yau?"

Wani mai ƙiba ya ɗaga hannu yana dariya, ya ajiye katin. Aka jefa ƙwaya, aka sake jefawa. Wani ya ɗauko ɗan jirgi da aka kafa a kan sanda, ya bi da shi ta saman rafi yana ƙara da baki, ya ajiye dunƙulen auduga mai baƙin fenti a kan jinkarmu, wai hayaƙin bam. Mai ƙiban ya buga tebur ya ce maki uku. Mutane suka tafa.

Na tsaya ina kallon audugar. Ta yi kyau, sun iya aiki. Na tuna ban rufe tagar kicin ba, ko kyanwa za ta shiga.

Ban san lokacin da na isa bakin teburin ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kaka, don Allah a bayan igiya ake tsayawa," in ji likitan.

"Ban haifi ubanka ba balle in zama kakarka. Wa ya rubuta?"

"Daga tarihin rundunar muka ɗauko. Ba mu ƙara ko kalma ba."

"Sunana Pyo Mal-sun. A ɗakin nan da ka ɗora wa auduga aka haife ni. Ubana yana nan," na nuna gindin katangar, "ƙanwata tana ciki. Nawa ka ce? Maki uku? Kowannensu ɗaya da rabi ke nan?"

Mai ƙiban ya janye katinsa a hankali ya sa a aljihu. Shugaban gidan, Darakta Yom, ya taho da sauri yana gyara kwat. Mun san juna, na sha zama a bencinsa.

"Iya Pyo, ashe kin shigo. Mu je ofis a ba ki shayi."

"Na sha shayinka har ya ishe ni. Cire takardar nan."

"Kin san ba ni da ikon sauya abin da ke rubuce a tarihi. Sai da shaida."

"Ga shaidar can, kun lulluɓe ta da bargo."

Na zagaya teburin. 'Yar ta tare ni da jakarta.

"Baba ba shi da lafiya, ki yi haƙuri."

"Matsa, 'yar nan. Lokacin da na san ubanki ko wandon kirki ba shi da shi."

Na sunkuya ta wajen kunnensa mai ji. Ina warin man zafi a jikinsa.

"Bang Gil-man. Wa ya cire ƙyallen?"

Bai kalle ni ba. Idonsa yana kan 'yar motar. Leɓensa yana motsi, na gane kiran nan ne da yake maimaitawa a tsakar gidanmu, irin sunan da suke kiran hedikwata da shi. Ya faɗa, ya saurara, ya sake faɗa. Hannunsa yana murɗa wani abu a iska.

"Ba sa amsawa," ya ce. "Batir ya yi sanyi. A tayar da inji."

"Baba, an gama yaƙi," in ji 'yar. "Muna gidan tunawa."

"Wa ya cire ƙyallen?" Wannan karon da ƙarfi na faɗa, har ɗakin ya amsa.

Sai ya juyo. Ya daɗe yana kallon fuskata. Kowa ya san kamar uwata nake, har faɗin goshin. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa, sai ya sunkuyar da kai yadda yaro yake gaida babba.

"Inna, kayan sun bushe?"



"Ki yi haƙuri, sun yi datti da yawa," ya ce. "Ban sami abin ƙullewa ba ne. Ki dawo mini da ƙyallen kafin hazo ya tashi, kar sajenmu ya gani. Ba sai kin wanke shi ba."

Shekara kusan sittin ina jiran wannan magana. Na ɗauka in na ji ta zan faɗi, ko in yi kuka, ko in shaƙe shi. Ƙafata ce kawai take ciwo saboda takalmin biki. Na miƙe na dubi Darakta Yom.

"Ka ji?"

"Na ji, Iya."

"Ku duka kun ji?"

Wata mata a cikin 'yan kallo ta ce ta ji. Gum-rye ta ce ita ma ta ji, kuma kunnenta ƙalau yake, kowa ya sani.

'Yar ta riga ta saki birkin keken.

"Mahaifina yana da ciwon mantuwa, akwai takardar likita," ta ce, ba ni take kallo ba, Daraktan take kallo. "Jiya ce mini ya yi ni ƙanwarsa ce. Shekaranjiya ya ce akwai doki a banɗaki. Duk wanda ya rubuta abin da ya faɗa yau zai haɗu da lauyanmu. Kun gayyato tsoho don ku girmama shi, kun bari ana yi masa ihu a kunne."

"Doki daban, ƙyalle daban," na ce. "Wa ya gaya masa da hazo? Wa ya gaya masa saje?"

Ta tura keken. Yana wucewa ya kama hannun rigata.

"Safana masu launin toka ne, Inna," ya ce. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya suka fita.

Darakta Yom ya goge goshi. Ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa e ko a'a ba tunda aka haife su.

"Zan rubuta wa manya," ya ce. "Zan faɗi abin da na ji, na yi miki alkawari. Amma kin ga halin da yake ciki. Za su ce maganar mai ciwon mantuwa ba ta zama shaida. Da shekara goma da suka wuce ne..."

"Shekara goma da suka wuce kare ya sakar mini. Cire takardar."

"In na cire, na ƙaryata tarihin runduna ke nan da hannuna. Ki ba ni lokaci."

"Uwata ta ba ku lokaci."

Ya ce wa wata ma'aikaciya ta kawo mini kujera, ya koma ofis.

Likitan haƙorin ne ya matso. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Idonsa ya yi ja, wannan kam ba zan musa ba.

"Iya, ban san da wannan ba. Ni na yarda da ke. Takardar ta gidan nan ce, ba tamu ba, ba mu da ikon taɓa ta. Amma katin namu ne, za mu sauya shi."

"Ku sauya shi da me?"

"Za mu cire na cin amana. Mu yi wani, a ce ƙyalle ya tafi wanki. Ba na Arewa ba ne kuma, kowa zai iya jawo shi, tsautsayi ne kawai. Gaskiya ma ya fi dacewa da yadda abubuwa suke faruwa a yaƙi." Ya juya wajen abokansa. "In da hazo da safe, a jefa ƙwaya, ɗaya ko biyu ƙyalle ba ya kan mota."

"Ɗaya kawai," in ji wani mai gemu. "Biyu ya yi yawa, ɓangaren Kudu ba zai taɓa ci ba."

"To ɗaya. Iya, ko za ki iya tuna launinsa sosai? Ja ne ko ruwan lemo? Don mu buga katin daidai."

Gum-rye ta riƙe mini gwiwar hannu, ta san ni. Amma ban zage shi ba. Na duba cikina ban sami zagin ba.

"Tsakani," na ce. "In ya jiƙe ya fi ja."

Ya rubuta a tafin hannunsa.

Aka kawo kujerar. Na ja ta har jikin teburin, cikin igiyar, na zauna. Na ɗauke audugar na ajiye gefe. Na kife tafin hannuna a kan gidan, da jinkar da tsinken da takardar, duk suka shige ƙarƙashi.

"Iya, ba a taɓawa," in ji ma'aikaciyar.

"Kira 'yan sanda. Sun san hanyar gidanmu."

Ta kalli likitan, likitan ya kalli ƙofar ofis, ƙofar tana rufe. 'Yan kallo suka fara raguwa, wasu sun tafi layin tawul. Mai gemun ya duba agogo ya ce saura zagaye huɗu, kuma sun yi alkawarin gamawa kafin a rufe.

"Uwar Jong-gu, bas ɗin ƙarshe fa," in ji Gum-rye.

"Je ki."

"In tafi in bar ki wa zai hana ki cizon mutane?" Ta nemo kujera ita ma, ta fito da dafaffen dankali daga jaka ta ɓare, ta sa mini rabi a hannun hagu.

Suka yi shawara ƙasa-ƙasa. Daga nan mai ƙiban ya ɗauki ƙwayoyin ya jefa can nesa da ni, wajen gadar. Suka ci gaba. Motocinsu suna zuwa gefen hannuna su karkata su wuce ta gonar su Gum-rye. Da aka zo auna tazara daga rafi zuwa dutse, likitan ya ce in yi haƙuri, ya ɗora ma'auninsa a kan yatsuna ya karanta lambar. Tsinken yana sukar tafin hannuna. Na bar shi a wurin, na ci dankalina.